Bitamin Zauna na Dokta Abdulra'uf

Duk wanda ya zauna a unguwar Williamsville ta Abijan a shekarar 1983 ya san gidan Alhaji Harisu, kuma duk wanda ya san gidan ya san Abdulra'uf, don Abdulra'uf ba ya yarda a rasa saninsa. Ni ce Tabawa mai soya aloko, wato soyayyar ayaba, a ƙofar gidan, shekarata goma sha ɗaya a wurin, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin famfo na tsinto shi ba. Da idona na gani, har faranti na rasa a ciki.

Aikin Abdulra'uf a wani farmasi ne, kantin magani, can Treichville: ya sauke kwalaye, ya share daɓe, ya goge madubi. To tun ranar da mai farmasin ya ba shi wata tsohuwar farar riga don ya riƙa ɗorawa a kan tasa, shi ke nan, mutum ya zama Dokta. Bik uku ya jera a aljihun gaba, ɗaya kaɗai ke rubutu. Ka ce masa ina kwana, ya amsa maka da Faransanci, alhali nan cikin Ajame aka yanke masa cibi, kuma sau biyu yana faɗuwa jarrabawar aji shida.

Yayarsa Zalihatu tana ɗaki na uku daga zaure. Ita ke da Fatihu, ɗan shekara takwas. Wallahi yaron nan ba mugu ba ne, ba ya zagi, ba ya ɗaukar abin mutane. Zama ne kawai ba ya iyawa. Ka aike shi gishiri, ya dawo maka da tsohon makulli da labarin wata akuya. Yana cin abinci a tsaye, yana karatu yana lilo da ƙafa, kafin mushe, wato malaminsu, ya gama tambaya ya riga ya leƙa taga. Kullum sai ka ji Abdulra'uf daga kan kujerarsa yana daka masa tsawa: "Kai, zauna mana wuri ɗaya!"

Wata Litinin Zalihatu ta zo ta tsuguna gefen murhuna da takarda a hannu, idonta jawur. Daraktan lakwal, wato shugaban makarantar su Fatihu, shi ya rubuto: in wata ya ƙare yaron bai canza ba, a nema masa wani wuri. Uban kuwa, direban babbar mota ne tsakanin Abijan da Yamai, tuni ya yanke magana. In aka kori Fatihu, zai ɗauke shi ya kai shi ƙauye wurin kakansa ya bi awaki.

"Tanti Tabawa, in suka tafi da shi ban san shekarar da zan sake ganinsa ba," ta ce. "Na kai shi asibiti. Likita ya ce ba ciwon allura ba ne, wasu yaran haka suke. Wai a sa shi bencin gaba, a riƙa ba shi abin da zai yi da hannu, a yi haƙuri."

"Wane likita?"

Muka ɗaga kai. Dokta ne tsaye a kanmu, ya riga ya ɗauki aloko biyu a farantina.

"Yaya, wannan likitan karatun bara gare shi. Ni na bana nake da shi." Ya zaro wata yagaggiyar takarda daga aljihu, shafin mujalla da aka naɗo kwalabe a ciki. "Turawa sun fara bincike a kan irin su Fatihu. Sun ce watakila abinci ne. Akwai abin da jikin yaro ke nema, in aka ƙara masa, sai ya nutsu."

Na ce, "To mene ne abin?"

"Nan wurin ne ya yage."

"Ikon Allah."

"Amma Tanti, abin da Bature ya gano, me zai hana ni ganowa? Shi ƙabila ɗaya yake da ita. Ni a gidan nan kaɗai ina da Hausa, ina da Jula, ina da Bawule, ina da Mosi. Yaya, ba ni kwana goma. Darakta da kansa zai zo nan ya cire mini hula."

Zalihatu ta san ƙanenta sarai. Amma mace da aka ce za a raba ta da ɗanta ba ta tsayawa zaɓe. Ta ce masa to.

Yadda ya yi binciken nasa, daga baya Alhaji Harisu ya ba mu labari yana share hawayen dariya. Dokta ya sayi sabon littafi, ya sa farar rigarsa, ya tsallaka gada zuwa rumfar goron Alhaji a Treichville. Tunaninsa shi ne: kowace al'umma tana da mutanen da suka iya zama, to a gano me suke ci.

"Alhaji, tun yaushe kake zaune a nan?"

"Tun da na dawo masallaci da safe."

"Ba ka tashi ba?"

"Sai dai salla."

"Me ka sa a bakinka?"

"Goro mana. Me zan sa?"

Dokta ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa. Ya dubi sauran dattawan da ke jere a tabarma, kowa bakinsa ja, ba mai motsi. Ya ƙara layi na uku.

Alhaji ya ce, "Kai Abdu, ni fa gwiwa ce ke damuna. Da da ƙafa ai da tuni ina can garin Bawake."

Wannan bai shiga littafi ba.

Washegari ya tsaya a wani kiyos na masu karin kumallo a Bracodi, inda akawuna ke shan kafe, wato gahawa, kafin su gangara ofisoshinsu a Filato. Ya tambayi ɗaya awa nawa yake yi a kan kujera, aka ce takwas. Ya rubuta kafe. A hanyar dawowa ya wuce Buzaye masu gadi sun kewaye butar shayi tun hantsi, ya rubuta shayi, bai ma tsaya gaishe su ba. Bincike ya ƙare ke nan, kwana biyu.

Ya aro turmin Zalihatu ya kulle kansa a ɗaki. Ya daka busasshen goro, ya haɗa da garin kafe da ganyen shayi, ya dafa har ya yi baƙi, ya zuba madarar gwangwani da sukari don ya shawu. Ba wanda ya san abin da ke ciki. In an tambaya sai ya ce sirrin kimiyya ne. Ya manna wa tukunyar takarda da manyan baƙaƙe: BITAMIN ZAUNA.

Da a kan Fatihu kaɗai ya tsaya, da da sauƙi. Ina! Wai bincike na gaskiya sai an gwada a kan kowace ƙabila. Ya bi ɗaki ɗaki. Madam Akisi, Babawuliya mai sayar da aceke, wato dambun rogo, ta ba shi 'yarta Aya, yarinyar da sai ka yi mako ba ka ji muryarta ba. Fanta Bajuliya ta ba da tagwayenta. Sawadogo, Bamoshe mai gadin kanti, ya ba da ɗansa, wani lukuti mai barci a tsaye.

Na ce, "Abdu, waɗannan ai lafiyarsu lau. Su ne ma masu zaman."

"Rigakafi, Tanti. Ke aloko kika sani."

"Kai ma ka san shi, kullum hannunka na ciki."

Iyayen sun ga farar riga, sun ji kalmar bitamin, kuma kyauta ne. Kowace safiya kafin lakwal yara biyar su yi layi da kofunansu. Fatihu dai ya karɓi nasa ya zagaya bayan ɗaki, inda aka ɗaure ragon layyar Alhaji, can sai ya dawo da kofi fanko. Dokta ya rubuta: ya shanye.

Rana ta biyu, da azahar, lokacin da gidan kan yi tsit kowa na hutawa, sai ga tagwayen Fanta suna tseren kewaya famfo. Fanta ta fito da zani a ƙirji.

"Dokta, yaran nan sun ƙi kwanciya."

"Madalla! Cutar ce ke fita."

"Wace cuta? Da ba su da ita."

"Tana ɓoye ne. Gobe zan ƙara musu."

Ya ƙara. Rana ta huɗu Aya ta buɗe baki. Tun da ta dawo lakwal take magana, ta ba ni labarin duk 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, da sunayen iyayensu, da abin da kowa ya ci. Madam Akisi da farko murna ta yi, har ta kai wa Dokta aceke da kifi. Kafin rana ta shida ta fara toshe kunne da auduga. Ɗan Sawadogo kuwa, wanda ko dakali ba ya hawa sai an ɗaga shi, a kan mangwaro aka same shi yana waƙa. Ragon Alhaji ma ya daina kwanciya, sai zagaye turke yake yana huci, idonsa waje. Dokta ya leƙa shi ya ce zafin gari ne.

Fatihu fa? Yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Zalihatu ta tare ƙanenta a bakin zaure.

"Abdu, saura kwana huɗu wata ya ƙare. Jiya ma mushe ya fitar da shi waje."

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Irin wannan maganin taruwa yake a jiki, rana ɗaya ya buɗe. Na riga na rubuta wa darakta, Alhamis zai zo ya gani da idonsa."

"Ka yi me?"

"Har da hatimi."

Hatimin nan da tsohon silifas ɗina ya sassaƙa shi, sai daga baya na gane inda ƙafa ɗaya ta shiga. Zalihatu ta dafe kai. Ta bi bayan wasiƙar da kanta ta roƙi darakta ya daure ya zo, don ta ga in bai zo ba ma korar ce.

Alhamis babu lakwal. Tun da safe Dokta ya share tsakar gida, ya jera benci, ya kafa tebur ya ɗora tukunya da agogo mai ƙararrawa. Ya ba yaran kofi uku uku, wai don kada a ji kunya. Alhaji Harisu ya fasa zuwa rumfa ya zauna a kujera. Matan maƙwabta suka cika zaure. Ni ma na matso da farantina ciki, don inda taro yake nan ciniki yake.

Ƙarfe goma darakta ya iso a kan ɗan babur ɗinsa mobilet, wani dogon mutum mai sanƙo da tabarau, fuskar nan ba alamar wasa. Ya jingine mobilet ɗin a jikin bango, ya zauna, ya dubi agogon hannunsa.

Dokta ya gyara bik ɗinsa ya fara jawabi da Faransanci. Ya ce yau Ajame za ta koya wa Turai. Ya ce ƙabila huɗu, magani ɗaya. Ya ce waɗannan yara biyar za su zauna a benci minti goma sha biyar ba motsi, sai ƙararrawa ta kaɗa. Ya murɗa agogo, ya ce, "Silence!"

Ko minti ɗaya ba a yi ba Aya ta ɗaga hannu.

"Mushe darakta, mamata ta ce kanka kamar ƙwarya."

"Aya!" in ji Madam Akisi.

"Kuma ta ce acekenta na jiya ne take haɗawa da na yau. Kuma Tanti Fanta ta ce Alhaji marowaci ne, shekara uku bai gyara bayan gida ba. Kuma…"

Fanta ta yi tsalle za ta toshe mata baki, tagwayenta suka ga hanya ta buɗe. Ɗaya ya bi ta ƙarƙashin kujerar darakta, ɗaya ya bi ta sama. Tabarau ya faɗi. Ɗan Sawadogo ba wanda ya ga tashinsa, sai dai muka ji kwano na ƙara, muka ɗaga kai muka gan shi yana gudu a kan rufi, ubansa na binsa ta ƙasa yana ihu da Mosanci.

"Alama ce mai kyau!" Dokta ke faɗa, gumi na zuba. "Monsieur le Directeur, wannan matakin farko ne…"

Bai ƙarasa ba igiyar rago ta tsinke.

Jama'a, na ga raguna a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan fitowar ba. Ya fara da tebur, agogo ya yi sama. Ya bi ta kan farantina, aloko ya watse, farantin ya lanƙwashe har yau ban sake amfani da shi ba. Mata suka dare, masu salati na yi, masu kiran Yesu na yi. Alhajin da ke cewa gwiwa ta hana shi tafiya, a kan randa na gan shi tsaye. Rago ya juya ya kai wa mobilet karo, ta kife. Sannan ya tsaya, ya zuba wa farar riga ido.

"Kul!" in ji Dokta. "Kai! Alhaji, yi masa magana!"

Ya juya zai ruga, ragon ya same shi daidai mazaunai, ya ɗaga shi ya zuba shi cikin bahon da Fanta ta jiƙa wanki da bula. Da ya miƙe, rigar ta zama shuɗiya, bik biyu na yawo a kan ruwa. Sai da samari huɗu suka taru kafin aka danne ragon.

Darakta ya tsinci tabarau ɗinsa, ya goge, ya maƙala. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi Zalihatu ya ce, "Madam, na gani. Ya isa." Zalihatu ta jingina da bango.

Ya tada mobilet ɗinsa, ya taka, shiru. Ya sake takawa, shiru. Sarƙa ta zame, wata waya na reto. Ya tsaya yana huci, ga rana ta take, ga Dokta na ɗigar da ruwan bula a gefensa yana cewa a ba shi dama ta biyu.

"Mushe, in duba?"

Fatihu ne. Duk hargitsin nan yana can gefe yana juya wani ƙarfe a hannu. Darakta ya matsa gefe. Yaron ya zauna a ƙasa, ya roƙi cokalina da tsumma. Ya mai da sarƙar haƙori bayan haƙori. Ya bi wayar da yatsa har ya gano inda ta fito. Ya kwance wani abu, ya hura, ya goge, ya mayar. Ashe duk aiken da yake daɗewa, wurin masu gyaran babur na bakin titi yake tsayawa kallo. Tagwaye na tsalle ta kansa, Aya na ba shi labari a kunne, ko ɗaga kai bai yi ba.

Darakta ya ja benci ya zauna. Na ga yana duban yaron, yana duban agogon hannunsa. Ɗan Sawadogo kuwa yana can yana gudunsa a kan rufi.

"Taka yanzu, mushe."

Taku ɗaya ta tashi.

"Minti arba'in," in ji darakta a hankali. "Yaron da aka ce mini ba ya minti biyu."

"Voilà!" Dokta ya daka tsalle, ruwa na fantsama. "Na faɗa muku taruwa yake! Bitamin Zauna! Yaya, kin gani? Tanti Tabawa, ina bakin naki? Fatihu, faɗa wa darakta kofi nawa ka sha yau."

Fatihu ya goge hannu a wando.

"Ni ban taɓa sha ba, Kawu. Ɗaci gare shi. Rago nake zuba wa a cikin dusa."

Kowa ya juya ya dubi ragon, yana ɗaure da igiya biyu yana karkarwa. Alhaji ya sauko daga kan randa, ya je ga tukunyar da ta gangara gindin famfo da sauran rabi a ciki. Ya tsoma yatsa ya lasa.

"Goro," ya ce. "Kai, wannan ma nawa ne, ɗan Gwanja."

Madam Akisi ta sunkuya ta shinshina. "Kafe! Kafe kake ɗura wa 'yata kwana tara?"

"Da shayi," in ji Dokta, murya ƙasa ƙasa. "Ai duk masu shansu zama suke yi. Yana cikin littafi."

"Abin da nake ci don kada in yi gyangyaɗi a rumfa," in ji Alhaji, "shi ka ba yara don su nutsu? Da ragona? Kai Abdu, Allah ya shirye ka, amma ba na jin za a yi saurin gamawa."

Darakta ya cire tabarau, kafaɗunsa na motsi, sai da ya juya baya ya gama dariyarsa. Sannan ya kira Zalihatu.

"Madam, ban ce ya canza ba. Gobe ma zai leƙa taga, na sani. Amma ki kawo shi. Zan sa shi bencin gaba, shi zai riƙa kaɗa ƙararrawa, shi zai riƙa raba littattafai, kuma akwai makullai shida a lakwal da ba sa aiki. Sharaɗi ɗaya: wannan mai shuɗiyar rigar kada ya kuskura ya zo ko bakin ƙofa."

Zalihatu ta durƙusa tana godiya, hawaye na zuba, ta jawo ɗanta ta rungume shi da baƙin mai da komai. Abin da likita ya faɗa mata tun ranar farko ke nan, kyauta, ba a kashe ko goro ɗaya ba.

Da ƙarar mobilet ta ɓace, Dokta ya fara sulalewa wajen ɗakinsa. Ya tarar da Fanta a ƙofa. Ya juya, ga Madam Akisi da tukunya. Ga Sawadogo ya sauko da ɗansa a kafaɗa, ya tare hanya.

Zalihatu ta karɓi tukunyar ta miƙa masa.

"Shanye."

"Yaya, ai ni babba ne, ma'aunin ya bambanta…"

"Rigakafi ne," na ce masa. "Mu aloko muka sani."

Ya sha. Har da gutsattsarin goron da ya kwanta a ƙasa sai da Fanta ta sa ya kwankwaɗe.

Yaran dai da aka ɗura musu ruwa da kunu, kafin la'asar duk sun zube suna barci. Dokta kuwa ya shiga ɗaki ya fito. Ya zauna a kujerarsa ya miƙe. Ya je bakin titi ya dawo, ya wanke rigarsa, ya shanya, ya sauke, ya sake shanyawa. Ya zagaya famfo ya fi sau talatin, yana magana shi kaɗai, gira na rawa. Mu kuwa muka jera a inuwa muna kallo, ba wanda ya ce masa sannu.

Fatihu na zaune a ƙasa ya baje kayan cikin agogon da rago ya fasa, yana jera su a kan tsumma. Inuwar kawunsa ta gitta masa sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Bai ko ɗaga kai ba ya ce:

"Kawu, zauna mana wuri ɗaya."